Igiyar Awo a Lambun Labbo

Shekarar da wani kamfanin shinkafa ya nemi hayar fadamar su Arzika, kusa da Argungu, takardar yarjejeniya ta zo daga Birnin Kebbi da Turanci. Labbo, taubashin Arzika, shi ke yawo da ita gida-gida yana karɓar dangwale.

"Eka ɗari biyu ce kawai," in ji Labbo. "Dangwala, ƙato, tawada ba ta cizo."

Gonar Arzika ɗaya ce tak, a bakin tafki, ita ke ciyar da gidansa. Ya cusa babban yatsansa a hammata.

"Ka taɓa ganin eka da idonka, bawana? Ko gonar gado sai an taka iyakarta gaban shaidu. A taka muna wagga."

Dagaci ya ga gaskiyarsa. Ranar Asabar mai awon filin kamfanin, Ephraim, ya iso a babur da taswira da igiyar awo, ya tarar da gari duka yana jiransa, har da mai kalangu. Yana fassara takardar da Hausa, ana jan igiya, mata na guɗa duk inda aka kafa turke.

Igiya ta ratsa gonar Arzika ta tsakiya. Labbo ya ƙyalƙyale da dariya.

"Rabi ya ishe ka! Dama rabin kake nomewa."

Sai igiya ta yi kwana gabas, ta tsallake rijiya, ta haɗiye lambun albasar Labbo kakaf.

"Malam Ephraim, ka riƙe taswirar nan a kife!"

"Daidai take, Baba. Ga yatsanka ma a layin farko."

Labbo ya zauna daɓas a kan igiya. Mai kalangu ya sauya kiɗa, Arzika ya shiga fage yana rawa, yatsa har yanzu a hammata. Ephraim kansa sai da ya dafa babur don dariya.

Da aka natsa Ephraim ya ce takardar ba ta koma Birnin Kebbi ba tukuna, ana iya gyarawa. Aka tumɓuke turaka, aka mayar da su bayan tafki. Bayan mako biyu sabuwar takarda ta zo da Hausa, aka karanta ta a ƙofar dagaci, iyaka bayan iyaka.

Arzika ya zaro yatsansa, ya hura masa iska, ya dangwala.

"Miƙo takardar," in ji Labbo. "Sai an sake karanta mini wajen rijiyar nan."