Ciwon Kan Umma

Tela ya karanta shafin farko na takardar sau biyu, ya juya na biyu, ya sake komowa na farko. Biron da aka miƙa masa yana tsakanin yatsunsa, ko murfin bai cire ba.

"Ba gaggawa, Malam," in ji likitar da ke ɗaya gefen teburin. "Karanta a tsanake."

'Yarsa tana zaune kusa da shi, ta zuba wa takalmanta ido. Shekarunta sha shida. A gida Lauya ake kiranta, domin tun tana ƙarama ba a gaya mata magana ta ce to, sai ta nemi dalili. Wata biyar ke nan gardamar ta ɗauke. Makinta ya faɗi, barci ya ƙi. Ta ce in ta shiga aji sai ta ji kamar da ita ake ƙus-ƙus, ko da yake ta san wataƙila ba haka ba ne. Sau biyu ta ji an kira ta a ɗakin da babu kowa. Malamar ajinsu ce ta ba da shawarar a kawo ta asibiti.

"Faɗa mini gaskiya, likita," ya ce, ya rage murya kamar yarinyar ba za ta ji ba. "Hankalinta zai taɓu?"

"Yanzu ba ta da ciwon, alamu ne kawai. Yawancin masu irinsu ba sa kamuwa. Wasu suna kamuwa, mu kuma har yanzu ba mu iya gane su tun da wuri ba. Shi ya sa muke wannan binciken da takardar ke neman yardarku ku shiga. Duk wata uku za ta zo mu yi hira, mu duba barcinta da tunaninta. In ba ku shiga ba, za mu ci gaba da kula da ita kamar kowa."

"Wato gwaji za ku yi da ita."

"Bibiya za mu yi, in ta yarda kai ma ka yarda. Ranar da ta ce ta gaji, shi ke nan."

Ya gyaɗa kai. Likitar ta jawo wata takarda.

"Kafin nan, tambaya ɗaya. A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwon?"

Shekara tara da suka wuce, matarsa ta toshe tagogin gida da zannuwan gado, ta ce ana leƙensu. Sati shida ta yi a asibiti. Ya gaya wa yaran ta je jinyar yayarta. Da ta dawo lafiya, ya ɓare takardar jikin kwalbar maganinta, ya ce na ciwon kai ne. Tun daga ranar ba a sake ta da maganar ba, har tsakaninsu su biyu.

"Babu," ya ce.

"Akwai," in ji Lauya, ba ta ɗaga kai ba.

Tela ya juyo ya dube ta.

"Umma ce. Baba, wane irin ciwon kai ne ake shan maganinsa shekara tara? Na kwafi abin da ke jikin ƙwayar na nema a waya. Tun ina aji ɗaya na sakandare na sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga kana ta ƙoƙari."

Tela ya sunkuyar da kai. Wato duk watannin nan yarinyar ta san abin da take tsoro, ta kuma san sunansa, tana ɗauke da shi ita kaɗai a gidan da aka hana ambatonsa.

"Kina son shiga binciken nan?" ya tambaye ta.

"Ina so in san abin da ke faruwa da ni. Amma jinin nan da aka rubuta za a ɗiba, sai an gaya mini me za a yi da shi."

Likitar ta yi murmushi, ta yi mata bayani dalla-dalla. Lauya ta ƙara tambaya uku kafin ta sa hannu. Shi ma ya sa a ƙasan nata.

Har sun kai bakin ƙofa ya juyo.

"Likita, zuwa na gaba, uwarta za ta iya biyo mu?"

"Sosai ma."

"To zan tambaye ta," ya ce. "Ta fi ni sanin yadda abin yake farawa."