Bujin Maman Paskal a Jirgina

Jirgina na kifi ne. Tun da na gaje shi wurin ubana ban ɗauki fasinja ba, ko da aka rufe gadar Gaya mai shiga Benin kowa ya koma fito. Ni masunci ne, ba ɗan fito ba.

Maman Paskal maƙwabciyarmu ce, 'yar Katolika, mutuniyar Benin. Ita ke sayen kifina ta soya. Ɗanta Paskal birkila ne a Libiya. Faɗa ya ɓarke a garin da yake. Maganarsa ta ƙarshe, ya ce su 'yan tsirarun Kirista sun shige majami'arsu suna addu'a, ana harbi a waje. Daga nan wayarsa ta mutu.

Da safe ta zo bakin ruwa da kyandir fari, dogo, wanda suke kira buji.

"Baba Tanko, ƙetare da ni Malanbil, can tsallaken Benin. Inda aka yi masa baftisma zan kunna."

"Ba na fito."

"To yau ba na sayen kifinka."

"Shiga," na ce. "Ba don kifin ba."

Don kada ya jiƙe, na karɓi bujin na ajiye cikin gwangwanin ƙugiyoyina, na rufe. Ranar Gaya kuwa ba ta wasa. Da muka isa na buɗe, ga shi ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ta dube shi, ta dube ni. Sai dariya, ta farko tun da faɗan ya fara.

"Komai ya shiga hannunka sai ya koma kayan kamun kifi!"

"Kunna haka. Ƙugiya ce ke jawo abin da ya yi nisa."

Ta tafi majami'a da abinta. Ni na zauna cikin jirgi na ja carbi, na ambaci yaron da sunansa. A gabana ya girma, ya sha satar mini tarwaɗa.

Muna tsakiyar ruwa a komowa wayarta ta yi ƙara. Paskal ne. Wani Balarabe mai gidan burodi ya kwashe su a motarsa zuwa wata unguwa. Lafiyarsa lau, yunwa kawai.

Ta miƙe tana guɗa, jirgin ya karkata.

"Zauna, kada ki kifar da mu!"

"Bujina ne ya jawo shi, Baba!"

"Carbina dai."

Har muka taɓa gaci ba mu shirya ba.