Roƙon Iyatu

A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, duk inda ka juya a Gumbin Kure sai ka ji ana an samu 'yanci. Tsohuwa Iyatu ta yi ta jin kalmar har ta hana ta sukuni.

Uwarta baiwar kakan Malami ce, a gidan aka haife ta, ita kuma ta goyi Malamin, wanda yanzu shi ne maigida, manomin albasa mai rumbu uku. Ba mai kiranta baiwa. Amma ba wanda ya taɓa tsayawa gaban shaidu ya ce ya 'yanta ta, kuma a wurinta magana tana nan inda kakanni suka bar ta.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ta sa aka kira shi. Ta roƙe shi ya samo mutum biyu ya furta a gabansu.

"So nika in mutu ɗiya, Malami, ba baiwa ba."

Kunya ta kama shi, har da fushi. Ya ce gwamnati ta kashe bauta tun ba a haife shi ba, in ya tara mutane ya faɗi haka ai ya yarda kenan yana da baiwa a gida, gari ya samu abin tauna.

"Ke uwa ta gare ni, Inna. Bar wagga magana."

Shi a ganinsa girmama ta ya yi. Mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin nan da ba ya sauraro. Ya saya mata magani a Jega, ya kawo mata zane, ya sa ana dama mata fura da nono mai kyau. Ta sake roƙo, ya ce sai ya dawo daga Aliero, albasarsa na jiran mota.

Ya dawo ya tarar da maza zaune a ƙofar gida, an riga an yi mata wanka.

A maƙabarta, ana shirin jera itace, ya durƙusa bakin kabarin gaban mutanen da ya ji kunya.

"Na 'yanta ki, Inna. Ku shaida."

Liman ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa a hankali mai rai ake 'yantawa, sannan ya miƙa hannu aka ba shi itacen farko.