Ba Wadda Ta Kife Matashin Zalika

…ga shi kuma ya iso hannunta. Matashin fata, aikin Zalika. Halima tana riƙe da shi a cinya, fatar har da ɗumin hannuwan da suka riga ta, kuma ba wadda ta kife shi. Ko ɗaya fa!

Haka ake yi a rumfar Inna Raishatu, tsohuwar Buzuwar nan da ta sauko daga Abzin bayan yaƙi, ta kafa bukka a gefen Ollelewa tana koya wa mata aikin fata. In mace ta gama aiki sai a zauna a kewaye, abin ya bi hannu-hannu. Wadda ta ga aibi ta kife shi a tabarma ta faɗi dalili. Wadda ba ta ga komai ba ta miƙa gaba. Tsohuwa ba ta cewa uffan, taba kawai take taunawa. Ta ce ita ido take koyarwa, hannu zai biyo baya.

To yau ina idon ya tafi?

Balki ta ɗan jujjuya shi, ta ce madalla. Umma ko juyawa ba ta yi ba. Umma fa! Wadda ke hango karkataccen ɗinki tun daga bakin rijiya. Yau ta miƙo da sauri kamar fatar na ƙona ta…

Ga shi a fili. Baƙin zanen da ya kamata ya kewaye tsakiya ya saki hanya, ya hau kan jan. A kusurwar hagu siririyar tsanwar fata ta ƙare, amma basilla ta ci gaba da huda, huda, huda — a wofi, ba abin da take riƙewa. Ɗan yaye ma zai gani. Wannan aikin Zalika ne? Zalikar da 'yan ayari ke tambayar jakarta da suna?

Idon Zalika ne. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Tun damina take kai fata har hanci, ta ce hasken rana ne ya yi yawa. Ta sa kwalli, ta sha rubutu… ran kasuwa ta kalli Halima ido da ido ta ce da ita Umma, sannan ta tuntsire da dariya wai wasa take. Wasa! Wani farin abu ya kwanta a ƙwayar idon kamar ɗigon nono.

In Halima ta kife, dole ta faɗi dalili. Ta ce me? Ta ce hannu ya yi gardama? Ƙarya, hannun Zalika lafiya lau yake. Dalili ɗaya ne, kuma in ya fita daga baki a gaban Inna shi ke nan, an tashe ta daga zane, an mai da ita bayan bukka tana kankare gashin akuya tare da sababbin zuwa. Zalika, da warin jima har gwiwar hannu… a'a. A'a wallahi. Ba da bakin Halima ba.

— Wannan kuma kaza ce ta bi ta kai?

Abin da Zalika ta ce ke nan a kan zabirar Halima ta farko, can baya. Ko zama ba ta gama yi a hannun Zalika ba ta ji tim a tabarma, mata suka kwashe da dariya. Ta yi kuka a bayan rumbu har da majina, ta rantse ba ta ƙara taka rumfar nan. Kashegari ta dawo. Ta biyu ma an kife. Ta uku… kai, matar nan ba ta da tausayi ko na ƙwayar gero! Ta tsane ta, tsana ta gaske, har tana fatan basilla ta soke ta. Amma wa take kallo in aikinta ya fara zagaye? Ba Inna ba. Ba Balki ba. Fuskar Zalika. Ranar da Zalika ta miƙa jakarta gaba ba ta kife ba, Halima ta koma gida ta manta tulunta a rumfa.

Yanzu ga Zalika can a ɗaya gefen tabarma, ta miƙe wuya, ta ɗan karkata kai. Ba kallo take ba. Sauraro take. Tana jiran ta ji tim.

Ko tsoron ta ji take?

Wanne ne? Ya Rabbi, wanne ne? Ai mutum ba ya kawo aiki don a karya shi. Ai rufin asiri ma ibada ne. Ai kaka na tafe, wataƙila idon ya washe, an ga irin haka… an gani? Wa ya gani? Inna ta daina tauna tabarta. Tana kallon Halima ta ƙasan ido, kuma tsohuwar nan ba za ta taimaka ba, ba ta taɓa taimakon kowa ba a wannan zama.

Nauyin matashin ya ishi Halima. Ɗan abu kaɗan, fata da zare.

— Ya yi kyau, Yaya.

Muryar wa ce wannan? Siririya, mai zaƙi, irin ta gaida baƙo. Ta miƙa. Hannun Zalika ya fito ya kama iska a gefe, sannan ya lalubo shi.

Akuya na kuka a wani gida.

Zalika ta ɗora shi a gwiwa, ta daɗe. Sai ta juya shi a hankali, da kanta, ta kife a tabarma. Ko ƙara bai yi ba.

— Ni na kife. Dalili kuwa kun san shi.

Zalika ta sani. Innalillahi… ta sani tun kafin ta fito da shi daga ɗaki. Ba fatar ta kawo a duba mata ba, so take ta ji ko har yanzu ana lissafa ta cikin masu aiki, ko kuwa an fara lallaɓa ta. Balki, Umma, waɗannan ba komai. Halima ce ta ƙarshe a zagaye, ita aka bar wa…

Bakin Halima a buɗe yake. Akwai magana, tana nan a maƙogwaro, baƙin ya hau ja, Yaya, tsanwar ta ƙare a hagu — yanzu? Yanzu kuma wa ke bukata?

Umma ta riga ta ɗora mata jakar Balki a cinya. Tana kallonta, tana kallonta, ba ta ganin komai.