Ɗan Damben Cikin Gwangwani

"Sauko mini da gwangwanin nan," in ji Baba Hassoumi, yana nuna saman kabad da haɓa.

Moutari ya sauko da shi. Shekara uku ke nan, in ya taso daga dako a kasuwar Rungis, sai ya shiga ɗakin tsohon, maƙwabcinsa a Saint-Denis, gefen Paris, ya dama masa kunu, ya wanke masa kaya. Ya san abin da ke ciki: ƙananan katuna masu hoton 'yan ƙwallo, 'yan dambe, da mahaya dawaki cikin farin wando. A kwalin sigari suke zuwa a da. Baba ya tara su ne yana boyin wani Bature mai sayen gyaɗa a Kano. Maigida ya sha taba ya yar da kati, boyi ya tsince.

Rubutun bayansu Ingilishi ne. Moutari ya bar lakwal tun aji huɗu, amma yakan juya kati ya faɗa ma tsohon abin da ya zo bakinsa, kamar karatu yake.

"In na cika, ka kai ma Abdou a Lyon," in ji Baba.

"Abdou? Ɗan ƙanen naka da sai Salla yake bugo waya?"

"Shi ya yi karatu. Ya san abin da aka rubuta da gaske."

Moutari ya sunkuyar da kai. Ashe tsohon ya sani.

Baba ya rasu da hantsin Laraba, jama'a na wucewa ƙarƙashin taga da fenti a fuska, za su kallon gasar cin kofin duniya.

A Lyon, Abdou ya karɓi gwangwanin cikin ɗaki mai littattafai har rufi. Ya zazzage katunan a tebur.

"Allah sarki, tsoho da tarkace. Tallar taba ce fa."

"Wannan fa, mi ya ce?" Moutari ya tura masa wani ɗan dambe mai karyayyen hanci.

"Tsayinsa, nauyinsa, sai sunan sigari. Shi ke nan."

Waya ta yi ƙara, Abdou ya tashi. Moutari ya zura katin cikin hannun rigarsa.

A jirgin ƙasa mai komawa Paris ya fito da shi, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa kan layin farko.

"Wannan maraya ne, Baba," ya ce a hankali. "Mutum bakwai ya kayar rana ɗaya."