Layin da Atika Ta Goge

A shekarar da shari'a ta shigo Kebbi ne ruwan Kwara ya cika gidajen Kaoje, ya jiƙa zanen da marigayiya Jannatu ta saƙa, har ya fara ruɓewa. Shi kaɗai ya rage mai adon nan nata, kuma ba ta koya wa kowa ba. 'Yarta Atika ta iya saƙa, amma banda ado.

Ta tsallaka iyakar Benin wurin Mariyamu, wata masaƙiya 'yar ƙabilar Dandi, wadda ta koya mata zana saƙa a littafin lissafi mai gida-gida: in zare ya hau sama, a cike gida da fensir, in ya bi ƙasa, a bar shi fari.

"Amma sai kin warware zanen zare-zare kina zanawa," in ji Mariyamu. "In kinka kuskure, babu komawa."

Atika ta dawo gida da tsoro fal cikinta. Kwana uku tana zagaye zanen kamar kaza ta ga wuƙa. Da ta fara, kowane zare ta ja sai ya marmashe a hannunta. Tana zanawa, gumi yana ɗiga kan takardar.

Bayan mako biyu zanen ya zama tarin zare. Ta duba littafin, sai ta ga layi ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa, gida uku sun goce. Ai kuwa, in ji ta, ranar nan hannuna yana rawa. Ta sa magogi ta goge shi tas, ta daidaita shi da sauran.

Ta saƙa sabo, ya fito gwanin kyau. Ta kai wa Inna Abu, yayar uwarta, wadda idonta ya yi rauni. Tsohuwar ta bi shi da yatsa daga baki zuwa baki, ta sake bi.

"Ya yi kyau, ɗiyata. Amma ina tsallaken?"

"Wane tsallake, Inna?"

"Jannatu kullum tana tsallake zare ukku wuri guda. Da shi muke gane hannunta."

Atika ta ruga ta buɗe littafin, tana ɗaga shafuka sama wajen hasken rana, tana neman gurbin abin da ta goge. Ko wane layi ne ma ba ta tuna ba.