Dutsen Shanyar Nek Sapiah

Layin Masunta, a garinmu na bakin teku, gida goma sha ɗaya ne. Mutanensa na da kwale-kwale, da masallaci, da daddawar jatan lande mai suna. Abin da suka rasa shi ne lamba a taswirar da ake raba wa baƙi. Ganuwar Turawan Holan ce lamba ɗaya, tsohuwar igwa biyu, hasumiyar fitila uku. Masu keken ɗaukar baƙi kan zo bakin layin, su juya.

Abin ya dami Zaleha, wadda nake koyarwa a aji huɗu. Da na ce kowa ya rubuto abin kallo ɗaya na unguwarsu, sai ta rubuto shimfiɗeɗen dutsen ƙofar gidansu, wanda kakarta, Nek Sapiah, ke shanya daddawa a kai. Har haruffan jikinsa ta kwafo. Na ba ta tara cikin goma, na kuma nuna wa wani jami'in gidan tarihi, domin na ga shekarar 1702 a ciki.

Ranar Talata ya zo da mutum biyu da buroshi. Ina wurin.

"Nek," in ji shi, "wannan dutsen kabarin matar wani kyaftin ne."

"Allah sarki. Shekara arba'in tana riƙe min daddawa, ba ta taɓa ƙorafi ba."

"Dukiyar ƙasa ce."

"Yaro, ai ƙasar ta ci daddawar."

Kwana uku suna wanke shi. Aka kewaye shi da sarƙa, aka kafa allo, aka ba shi lamba goma sha huɗu. Baƙi suka fara shigowa. Sukan tsaya minti biyu, su ɗauki hoto, su tambayi ina ban-ɗaki.

Nek ta koma shanya a kan kwanon rufi. Dutse yana riƙe zafi a hankali, kwano ba ya yi. Saman daddawar ya ƙone, ƙasan bai bushe ba, mai abincin da ta saba saya ta ɗanɗana, ta koma gidan maƙwabta. Sai kuma jami'in ya roƙa a mayar da shanyar bayan gida, saboda baƙi na toshe hanci.

"Nek, amma dai mun shiga taswira," in ji Zaleha.

"Mun shiga, 'yar boko. Soya mana taswirar mu ci da rana."

Bayan mako biyu na je gaishe su. Zaleha na ɗebo min ruwa, na lura ita ma randar tasu a kan wani dutse mai rubutu take zaune. Ta ga inda nake kallo. Ta jawo buhu ta rufe shi, ta tsaya a kai.

"Malama, wannan ba komai a jikinsa."

Na ce mata ni ma ban ga komai ba, na sha ruwana.

Zaleha ta gane cewa duk abin da baƙi suka fara zuwa kallo, mutanen gida ba za su ƙara aiki da shi ba.